Kafin ka biya kuɗin wasan binciken laifi

Duk wanda yake shirin sayen wasan bidiyo na binciken laifi ya kamata ya fara tantance abu guda, wato ko wasan zai bar shi ya gano mai laifi da kaifin ƙwaƙwalwarsa, ko kuwa jan sa za a yi kamar raƙumi da akala har ƙarshen labari. A nan ne wasannin suka fi shan bamban da juna.

L.A. Noire, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2011, shi ne ya fi ɗaukar ido. Kai ne Cole Phelps, ɗan sandan birnin Los Anjalas na Amurka a shekarar 1947, kuma an ɗauki fuskokin 'yan wasan kwaikwayon da suka fito a ciki da kyamarori 32 domin ka lura da wanda yake kawar da ido ko haɗiyar yawu yayin da yake sharara ƙarya. Sai dai akwai tangarɗa. A fitowar farko, kana iya danna maɓallin shakka da nufin ka ɗan matsa wa mai ba da shaida, sai Phelps ya hau shi da tsawa tamkar ya kama shi dumu-dumu, har ta kai an sauya sunayen maɓallan a fitowar 2017. Abin da ya fi damuna shi ne ko ka kuskure yawancin tambayoyin, labarin ci gaba yake yi abinsa.

Idan bincike na haƙiƙa kake nema, Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, wanda ya fito a 2018, ya fi cancantar kuɗinka. Jirgin ruwa ne ya ɓace a 1803, ya dawo gaɓar Ingila a 1807 babu mai rai a cikinsa, sai aka tura ka a matsayin jami'in inshora ka gano makomar mutum 60 da suka shiga shi. Agogon aljihun da ke hannunka yana nuna maka daƙiƙar da kowane mamaci ya cika, amma ba zai gaya maka sunansa ba. Kai za ka haɗa karin harshensa da kayan jikinsa da wurin aikinsa, wani lokaci ma har da lambar da ke maƙale a gadon lilon da yake kwana, ka gwada da rajistar ma'aikata. Wasan ba ya tabbatar da amsa sai ka dace da mutum uku daidai, saboda haka shaci-faɗi ba ya kai mutum ko'ina. Aibinsa hoton ne, domin launi biyu kacal gare shi irin na tsofaffin kwamfutoci, kuma yakan gajiyar da ido.

Mai wayar hannu kuwa ya duba Her Story na 2015. Wata mata ce 'yan sanda suka yi wa tambayoyi sau bakwai a 1994 kan ɓatan mijinta, kai kuma kana rubuta kalma a rumbun bidiyo, a nuna maka guntaye biyar na farko da ta furta kalmar a ciki. Wanda Ingilishinsa bai nuna ba zai sha wahala, tunda kunne da rubutu ne kayan aikin.

Disco Elysium na 2019 ya yi suna, amma gawar da aka rataye a bayan otal hanya ce kawai ta shiga siyasa da ruɗanin wani ɗan sanda mashayi da ya manta ko sunansa. Karatu ne mai yawan gaske, wanda bai dace da mai gaggawa ba.

Akwai aibin da Obra Dinn da Her Story suka yi tarayya a kai, wato da zarar ka san gaskiyar lamarin, komawa kansu ba ya da armashi. Don haka gara a jira lokacin rangwame a Steam, wato kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, kuma a guji kallon wasan a YouTube kafin a saya, domin bidiyo ɗaya ya isa ya tona asirin da kake shirin biyan kuɗi a kansa.