Cerenia ko Maxolon ga kare da mage masu amai? Ga wanda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaye ni wane maganin hana amai za ka saya wa karenka, Cerenia ko Maxolon. Tunda likitan dabbobi ya duba karen ya rubuta maka Cerenia, mai kemis kuma yana lallaɓa ka da cewa Maxolon ma aikinsu ɗaya ga araha, to ni dai Cerenia zan ce ka saya. Aikinsu ba ɗaya ba ne, balle ka ce magen gidan ma tana yawan haraswa.

Cerenia tun asali don dabbobi aka yi shi, ba aron maganin mutane ba ne. Kamfanin Zoetis ke yin sa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga karnuka a 2007, allurarsa kuma ga maguna a 2012. A jikin kwalin za ka ga an rubuta maropitant, shi ne sinadarin. Akwai wata cibiya a ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin amai, kuma ta hanyoyi da yawa saƙo ke isa gare ta: daga ciki in hanji ya kumbura, daga jini in akwai guba ko ƙoda ta gaza tacewa, daga can cikin kunne in jijjigar mota ce. Shi Cerenia can ƙofar ƙarshe yake tarewa, inda saƙonnin ke haɗuwa, shi ya sa yake kama amai iri-iri. Sau ɗaya ake bayarwa a rana. Allura miligiram 1 ce ga kowane kilo na nauyin dabbar, ƙwaya kuma miligiram 2 ga kilo a kare. Ƙwayoyin suna zuwa a miligiram 16, 24, 60 da 160, don haka sai an ɗora dabbar a sikeli kafin a san wanne za a ɗauka.

Karen gadina yana ɗan kwikwiyo ya kamu da fabo, cutar nan mai amai da zawon jini da ke ɗauke 'yan kwikwiyo in ba a yi musu rigakafi ba. Ko ruwa ya lasa sai ya dawo, da kumfa mai rawaya. Ya kwanta a gindin tanki, ido ya faɗa, in ka ja fatar wuyansa sai ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Likita ya ɗaura masa ƙarin ruwa, ya buɗe firij ya ciro 'yar kwalbar Cerenia, ya soka masa a ƙarƙashin fatar ƙeya. Sai da ya yi ƙara, don allurar tana da raɗaɗi, kuma ajiye ta cikin sanyi na rage zafin ne kawai, ba ya kawar da shi. Kafin magariba yunƙurin aman ya lafa, ya samu barci. Da aka ci gaba da jinya ya fara lasar romon kaza marar gishiri daga tafin hannun yarona, abincin kuma ya zauna. Yau in ya yi haushi har maƙwabta sai sun leƙo. Amma a faɗi gaskiya, ƙarin ruwan ne ya riƙe ransa. Cerenia hana ruwan da abincin fitowa ya yi, ba shi ya kashe cutar ba.

Maxolon kuwa, wato metokilofiramid, na taɓa sayensa saboda wata magenmu, kuɗina dai suka tafi. Ta kwana tana zagaye ɗaki tana kuka, aman bai fasa ba.

Ba wai maganin banza ba ne. Yana toshe sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, yana kuma sa ciki ya riƙa tura abinci gaba, to karen da cikinsa ya yi sanyi abinci ya tsaya masa yakan amfana. Sai dai baya jimawa a jiki, sau uku ko huɗu za ka bayar a rana, a asibiti ma cikin ƙarin ruwa ake zuba shi yana ɗiga dare da rana kafin ya yi aikin kirki. Ka yi tunanin ɗura wa kare mai amai ƙwaya sau huɗu, rabi a ƙasa za ka tsince su. A mage ƙarfinsa kaɗan ne, don aman mage bai dogara da dofamin kamar na kare ba, ga shi yakan sa wasu rawar jiki da rashin natsuwa. Ba a ba dabba mai farfaɗiya. Babban haɗarinsa kuma shi ne toshewar hanji. Karnukanmu me ba sa haɗiya? Ƙashi, totuwar masara, ƙwallon mangwaro, leda, mage kuma zare da igiyar buhu. In abu ya tokare hanji ka ba da maganin da ke matsa hanji ya tura, kana iya fasa shi.

Kada ka ɗauka Cerenia ya tsira daga wannan. Shi baya matsa hanji, amma saboda ƙarfinsa yana iya ɓoye toshewar. Aman ya tsaya, kai kana murna, ƙwallon mangwaro na nan yana ruɓar da hanji. Shi ya sa na fara da cewa tunda likita ya duba. In bai taɓa cikin da hannu ba, ko ya ce a ɗauki hoton ciki ka ga kuɗin sun yi yawa ka tsallake, koma a ɗauka. In an yi allurar amma kare ya ci gaba da amai, ko ya ƙi abinci yana ƙanƙame ciki, ba ƙarin allura yake buƙata ba, bincike yake buƙata. Babban kare da cikinsa ya kumbura kamar ganga yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, wannan murɗewar ciki ake zargi, aikin tiyata ne na take yanke. Wanda kuma ake zaton ya ci maganin ɓera, a gaya wa likita tun daga bakin ƙofa, don a wasu lokutan aman ake so a jawo, ba a hana shi ba.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, Zofran, wato ondansitiron, wanda aka yi don masu cutar kansa da maganin jinyarsu ke sa amai. Amai daban, tashin zuciya daban. Za ka ga dabba ta daina amai amma tana ta lasar leɓe, miyau na dalala, ta sunsuna abinci ta kau da kai. A nan Zofran ya fi Cerenia, likitoci kan haɗa su biyun a fabo mai tsanani ko ga tsohuwar mage mai ciwon ƙoda. Ƙwayarsa dai kaɗan ce ke shiga jinin kare, allurar ta fi, kuma sau biyu ko uku ake yi a rana. Wannan likita ne zai ƙara shi in ya ga dama, ba kai ba.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa, don maganin mai tsada ne, inda tsada take kuma nan 'yan damfara ke taruwa. Kada ka karɓi allurar da aka riga aka zuƙa a sirinji ba ka ga kwalbar ba. Kada ka karɓi ƙwaya tsirara a ƙulle cikin leda. Duba ranar lalacewa da lambar da ke jikin kwali, su yi daidai da na jikin fallen ƙwayoyin. Kwalbar da aka riga aka huda tana da iyakar kwanakinta, to wadda aka bari a kan kanta cikin zafin Afrilu ba abin yarda ba ce. Akwai wasu kamfanonin da ke yin sinadarin da sunaye daban, irin su Prevomax, kuma ba laifi, amma wanda ya ce maka yana da Cerenia a farashin Maxolon ƙarya yake. Haka masu yawo da jaka suna kiran kansu likitan dabbobi. In kana kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitin koyarwa na dabbobi, can ka nufa.

Game da magen, kada ka ɓalla mata ƙwayar karen. Nata awon daban ne, ba a ba wadda ba ta kai makonni 16 ba, kuma hanta ce ke sarrafa maganin, mai ciwon hanta sai an rage. Kwikwiyo ma sai ya kai makonni 8, allurar kuma ba a wuce kwana 5 a jere. Farasitamol kuwa ko kusa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage. In ta yi kwana biyu ba ta ci ba, kitse kan fara taruwa a hantarta, musamman mai ƙiba, don haka ka saka ta a kwando ku tafi tare ranar da za ka mayar da karen, a auna ta, a duba mata ƙoda.