Jinya a Kumasi: nas ɗin da ta biyo ni har gida

Assalamu alaikum mutanen gida. Kuna ta cewa na yi shiru kwana biyu, ko a waya ba a samuna, to jinya ce ta riƙe ni. Mma, mahaifiyar maigida, hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ma sai an kasa kunne sosai. Yanzu da sauƙi alhamdulillah, tana iya zama da kanta. Amma akwai abin da ya faru a cikin jinyar nan wanda har yau na kasa cire shi daga raina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto muku.

Bayan an sallamo mu daga asibiti komai ya dawo kaina. Maigida yana fita kasuwar Kejetia tun da sassafe sai bayan magariba, ƙannensa mata ɗaya tana aure a Accra ɗaya a Tamale, ni ce wanka ni ce wanki ni ce fo ni ce girki, ga goyo a baya. A haka ranar awon yarinyata ta wuce ban kai ta ba, ta biyu ma ta wuce, allurar rigakafin da ya kamata a yi mata ba a yi ba. Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina wanke zannuwan gado sai na ji sallama, wata mata ce da kayan nas masu ruwan ƙasa, da jaka da wani babban littafi a hannu, ta kira sunan 'yata. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka faɗa ta zo yi mun. Sai ta ce cikin Hausarsu ta Zango, Amariya lafiya kuwa? Mun duba littafi mun ga ba ki kawo yarinya ba, shi ne na ce bari in zo in gani ko wani abu ne. 'Yar Bawku ce, ta iya Hausa sosai. Na ce mata jinya nake yi, ta ce ina mara lafiyar, na kai ta ɗaki.

Matar nan da ta zo saboda jaririya sai ta ajiye jaka ta durƙusa gaban Mma ta gaishe ta, ta auna mata jini, ta ce in kawo duk magungunan da aka ba mu ta duba ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce in tayata mu juya ta, ta duba ƙugu da ƙasan baya da dunduniya, sai ga wani wuri ya yi ja a ƙugun dama. Ta ce wannan shi ne farkon gyambon kwanciya, in aka bar shi zai fashe ya zama rami, kuma wani lokaci shi yake kashe mara lafiya ba ainihin ciwon ba. Ni a asibiti babu wanda ya samu lokacin gaya mun wannan. Ta nuna mun yadda zan riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in sa matashi tsakanin gwiwoyi, in tallafe hannun da ya mutu da wani matashin, kuma kar in kuskura in ja ta da wannan hannun in zan tayar da ita dan kafaɗar tana iya gocewa. Abinci kuma sai a zaune, da ƙaramin cokali, koko mai kauri ya fi ruwa tsululu saboda ƙwarewa. Ta shiga har kicin ɗina ta ga busasshen kifin gishirin nan da suke sawa a miya, momoni, ta ce a rage shi, a rage dunƙulen magi.

Da ta gama duk wannan sai ta juyo ta kalle ni ta ce, ke kuma wa yake kula da ke? Miƙo hannunki. Ta ɗaura mun abin awo, sai ga nawa jinin ma ya haura 140 bisa 90 ɗin da suke cewa shi ne iyaka. Ta tambaye ni awa nawa nake bacci, yaushe rabona da in ci abinci a zaune, ko ina yin ciwon kai. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta bari na yi na gama, sannan ta ce maigida ya kira ta in ya dawo, kuma ya kira, ta gaya mishi kai tsaye cewa in ba a samo wanda zai riƙa karɓata ba to gida zai koma mai marasa lafiya biyu. A satin aka kawo wata 'yar uwarsu daga Asawase take kwana da Mma wasu dararen. Yarinya kuma washegari na kai ta aka yi mata allurarta.

Na yi jinyar Baba a Kano kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa, kun san irin zaman da muka yi, ba sai na maimaita muku zancen tabarma a baranda da sayen safar hannu da sirinji ba. Abin da nake so ku gane shi ne a duk tsawon wannan jinyar ba a taɓa samun ma'aikaci ɗaya da ya dubi Innarmu ya ce mata ya jikinki ke ba. Mai jinya a wajenmu 'yar aike ce kawai, je ki kemis, je ki biya kuɗi, fita likita zai shigo. Ita ce take riƙe da mara lafiya dare da rana amma ba a koya mata komai, in abu ya lalace kuma ita za a zaga.

Daga baya na tambaya na gane ashe ba kirkin matar nan ne kaɗai ba, tsari ne. Suna ce mishi CHPS, wato tsarin kai aikin lafiya har cikin unguwa. A Navrongo aka fara gwada shi can arewacin Ghana a shekarun 1990, aka ɗauki nas aka zaunar da ita a cikin ƙauye aka ba ta babur tana bin gida-gida maimakon ta zauna a asibiti tana jiran wanda zai zo, da aka ga mutuwar yara ta ragu sai gwamnati ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya. An yanka unguwanni da ƙauyuka shiyya-shiyya, kowace shiyya da nas ɗinta da littafinta. Gaskiya yawancin aikinsu a kan masu ciki ne da ƙananan yara, kuma ba kowace ce za ta tsaya ta duba tsohuwa ba, wasu maƙwabtana sun ce su ba a taɓa leƙo su ba. Amma dai ƙofar tana nan. Mu kuma wa yake ƙwanƙwasa mana ƙofa in ba masu ɗigon polio ba? Su ɗin ma kora muke yi. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin polio kusan shekara guda, na san akwai dalili, mutane ba su manta da gwajin maganin da aka yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, amma abin yana mun ciwo in na tuna a wannan shekarar ta 2003 ce Ghana ta yi dokar inshorar lafiyarta zamanin shugaba Kufuor.

Kafin nan su ma biya kafin a taɓa ka suke yi, tsofaffin Zango suna ba da labarin yadda mutum zai mutu a benci ana neman kuɗi. Yanzu katin inshora ne. Kuɗin yana fitowa ne daga harajin kashi 2.5 da ake ɗorawa a kan kayan da kowa yake saya, da wani kaso daga kuɗin fanshon ma'aikata, sai ɗan abin da 'yan kasuwa irinmu suke biya a shekara. Yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama an ɗauke musu wannan kuɗin na shekara, masu ciki kuma tun 2008 awo da haihuwa kyauta ne. Mma ta haura 70, ganin likita da gado da maganin hawan jininta na wata-wata duk kati ya ɗauka. Sabunta katin ma a waya ne, ka danna *929# ka biya da MoMo, wato asusun kuɗin waya, kana zaune a ɗakinka. Mu a 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshora a kan kowa, dan Allah a layinmu mutum nawa ne yake da kati in ba ma'aikacin gwamnati ba? Kuma ko an kawo mana sai ka ji ana cewa ni da nake lafiya me zai sa in biya kuɗin ciwo, kamar ina kiran cuta. Adashi fa muke yi kullum dan biki da suna, wannan ma adashi ne, na ranar da ba ka zaɓa ba.

Kar ku ɗauka aljanna nake ciki. Ranar da Mma ta faɗi, asibitin farko da muka je cewa aka yi babu gado, ko sauke ta daga tasi ba a yi ba, muka juya da ita tana ta kakari a jikina. Wannan matsalar ta babu gado sananniya ce a nan, a 2018 wani dattijo ɗan shekara 70 ya rasu a cikin mota a Accra bayan asibiti bakwai sun mayar da shi, ƙasar ta ɗauki zafi sosai, a farkon 2020 aka raba motocin asibiti 307, amma mota ba gado ba ce. Inda aka karɓe mu kuma hoton kai da aljihunmu muka biya, wasu magungunan a ce babu je ki saya a waje, ga ɗan ƙarin kuɗin da ake karɓa a wasu tagogi ko kana da kati. Ranar komawa ganin likita kuwa in ba ka fita bayan sallar asuba ba ka kwana a layi, ka zauna ka zauna sai a ce netwok ya ɗauke ba za a iya tantance kati ba. Ga yare. In ba ka jin Twi ka shiga uku, nas za ta yi ta zuba maka bayani da sauri, ka ce ba ka gane ba ta ɗaga murya ta maimaita da Twi ɗin dai. Akwai wadda ta daka mun tsawa a gaban mutane saboda na shiga ba lokacin ziyara ba, alhali Mma ta ɓata jikinta ne ba mai gyara ta. Masu jinya kuma nan ma a waje suke kwana, a kan kwali da benci, sauro yana cinsu, ba wurin wanka na kirki. Babban asibitin garin, Komfo Anokye, wanda tun shekarun 1950 aka gina shi kuma har daga arewacin ƙasar ake turo mishi marasa lafiya, sai da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ya fito da kansa a 2023 ya buɗe gidauniyar dala miliyan 10 dan a gyara tsofaffin ɗakunan. Wannan kam ya burge ni, sarki ya tsaya yana roƙon jama'arsa saboda asibiti, 'yan kasuwa da coci da masallatai suna kai nasu. Ina ma masu kuɗinmu da suke tafiya Masar da Indiya ganin likita za su yi irin wannan.

A daren da nake zaune ni kaɗai a bakin ɗakin marasa lafiya ba abin da na tuna sai gida. Da a Kano ne da kafin la'asar kwanuka sun cika ƙarƙashin gado, wannan ta kawo kunun gyaɗa waccan farfesu, Yaya ta zo ta ce tashi ki je ki yi wanka. Mutanen Zango suna da zumunci, mata daga masallacin unguwa sun zo da koko da ƙosai da addu'a, Allah ya saka musu, amma ba kamar 'yan uwanka na jini ba. Sai dai ko wannan zumuncin namu akwai gyara a ciki. Mutum ashirin su cika ɗaki da sunan dubiya, a yi ta hira a kan mara lafiya, kowa da maganin da zai kawo, wannan ya ce a daina na asibiti a gwada sassaƙe, wancan ya ce jifa ne, mai jinya kuma ita ce za ta tashi ta kawo musu ruwa da abinci ta wanke kwanukan bayan sun tafi. Maza kuwa su tsaya a bakin ƙofa su ce Allah ya sawwaƙe su ajiye ɗan kuɗi shikenan sun sauke nauyi. Ɗan Mma na cikinta, maigidana, sai da nas ɗin nan ta yi mishi magana sannan ya koyi ɗaga mahaifiyarsa daga gado zuwa kujera, yanzu shi yake kai ta wajen gashi yana motsa mata hannu da ƙafa da daddare, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa.

Sannan ɓoye ciwo. Mma ta daɗe da sanin tana da hawan jini, in ta ji sauƙi sai ta ajiye maganin, in kai ya sara ta aika kemis a sayo mata na ciwon kai. Hawan jini ba ya warkewa dan ka ji daɗin jikinka, maganin kullum ne.

Shi ya sa Yaya da ke nake musamman, maganar Goggo. Na ji an ce ƙafafunta suna kumbura tana yawan jiri, kuma an cire yarinyar nan daga makaranta tana zama da ita. Dan Allah a kai ta asibiti a auna jini da suga a duba ƙoda, kar a jira sai ta faɗi. Zan turo kuɗi a sayi abin awon jini mai batir a ajiye a gida, a riƙa aunawa safe da yamma ana rubutawa a littafi a tafi da shi ranar ganin likita. Yarinyar kuma a mayar da ita makaranta, ku raba kwanakin a tsakaninku har da su Yaya maza, ko dare ɗaya-ɗaya ne a sati. In kun tsayar da ranar zuwa asibitin ki kira ni.