Sati shida ina ganawa da mai ba da shawara ta waya, ga yadda ta kaya

Bari in ba ku labarin manhajar nan da ake haɗa mutum da masu ba da shawara kan halayyar ɗan'adam, irin wadda ake bidiyo kol da su kana zaune a ɗakinka. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai wajen da zan yi ƙorafi, amma tun farko in faɗa, ta yi min amfani sosai, fiye ma da yadda na sa rai.

Abin da ya kai ni shi ne abu biyu suka haɗe min lokaci guda. An yi min tayin aiki a wani waje, matsayin ya fi wanda nake kai, zan riƙe mutane a ƙarƙashina, sannan a cikin satin wani tsohon abokin karatuna ya zo min da maganar mu haɗa jari mu yi kasuwanci. Duk biyun da na tuna sai gabana ya faɗi, bacci ya ƙaurace wa idona, kuma duk wanda na kai wa maganar amsarsa ɗaya ce, in jikinka bai ba ka ba ka haƙura. To ai nan matsalar take, ni a lokacin babu abin da jikina yake ba ni, komai a'a yake cewa, har na rasa wanne ne gargaɗi na gaskiya wanne ne tsoro tsagwaronsa.

Shiga ba wuya. Ka cike fom, tambayoyin dai da ɗan yawa, su haɗa ka da mutum, ganawa sau ɗaya a sati kamar minti 45, kuma za ka iya tura saƙo a tsakani. Wanda aka fara haɗa ni da shi gaskiya ba mu daidaita ba, mutumin kirki ne mai sauraro amma duk abin da na faɗa sai ya ce in bi zuciyata, ni kuma zuciyar ce ta kawo ni wajensa. Bayan ganawa ɗaya na nemi canji, sai da aka kwana huɗu kafin su amsa, wannan ya ɓata min rai don wanda yake cikin zullumi kwana huɗu ba wasa ba ne.

Ta biyun ita ce ta sa nake wannan rubutun. Ranar farko da na gama zuba mata bayani sai ta ce, Malam ɗauko takarda ka raba ta biyu, aiki gefe ɗaya kasuwanci gefe ɗaya, ka rubuta min ainihin kalmomin da kake ji a ranka in ka tuna kowanne, kar ka gyara su. A gefen aiki na rubuta: za ka ji kunya, za su gane ba ka iya ba, in suka sallame ka fa, me mutane za su ce. Layi ya kai goma kuma duk abu ɗaya ne nake juyawa. A gefen kasuwanci layi ɗaya tak na iya rubutawa, lissafinsa bai zauna min ba. Ta ce in duba da kyau, na farkon duk a kaina yake magana da abin da bai ma faru ba, na biyun kuwa yana nuna wani abu ne a waje, abin da ido ko kunne ya riga ya kama. Sai ta ce me na gani.

Wallahi sai a lokacin na tuna. Ranar da muka zauna da abokin nawa, da farko ya faɗi ribar da yake samu a wata, can da hira ta yi nisa ya sake faɗin wani adadin daban, da na ce ya nuna min littafin shige da fice sai ya kife wayarsa a kan tebur ya ɗauko labarin makaranta, muna ta dariya maganar ta bi ruwa. Ni kuma shekara tara ina aikin akanta, na sha ganin yadda mutum yake yi in ba ya son a buɗe littafi. Kaina ya manta amma jikina ya riƙe, jiki magayi.

Nan ta kawo min labarin Gary Klein, wani masanin halayya ɗan Amurka da ya daɗe yana nazarin yadda 'yan kwana-kwana suke yanke hukunci. Wani shugabansu ya shiga gida da 'yan tawagarsa suna fesa ruwa a wutar da suka ɗauka daga kicin take, kawai sai ya ce kowa ya fita, shi kansa bai san dalili ba, suna fita daɓen ya rufta, ashe asalin wutar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take. Da aka bi diddigi daga baya sai aka gano wutar ta yi shiru fiye da yadda ya saba, zafin kuma ya wuce kima, gogewarsa ce ta hango kafin bakinsa ya iya faɗa. Shi Klein ɗin da Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, sun yi rubutu tare a 2009 duk da suna da saɓanin ra'ayi, suka tsaya a kan cewa ana iya yarda da abin da rai ya ba mutum in sharaɗi biyu sun cika: fagen ya zama mai tsari da abubuwa ke maimaituwa, sannan mutum ya daɗe a ciki yana ganin sakamakon hasashensa, in ya yi daidai ya sani in ya kuskure ya sani. Wannan maganar ita ce ta fi komai zauna min a duk sati shidan. A harkar lissafi ina da wannan gogewar. A harkar shugabantar mutane kuwa ban taɓa yi ba ko na rana ɗaya, to ina jikina ya koyi cewa zan gaza?

Sai da muka kai ganawa ta uku amsar ta fito. Shekarun baya wani oga ya taɓa dizga ni a gaban taro kan wani rahoto, tun daga ranar duk abin da zai sa in tsaya gaban mutane sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta yi min bayanin cewa akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa buga ƙararrawa, yana sa a saki sinadarin adirenalin zuciya ta yi ta bugawa tafin hannu ya yi gumi, kuma ba ya tsayawa tantance maciji ne ko tsumma. Shi ya sa ta ce kar in dogara da ƙarfin faɗuwar gaba wajen rarrabewa, don tsoro da tsinkaye duk ta jiki ɗaya suke bi. Ta kuma ambaci binciken Kahneman da Amos Tversky da suka fara fitarwa a 1979, cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a ran ɗan'adam, wajen ninki biyu, shi ya sa zama a inda kake kullum yake kama da hikima ko da ba ita ba ce. Har misalin Amurka ta ba ni, bayan harin 11 ga Satumba 2001 mutane da yawa suka guji jirgin sama suka koma tafiyar mota, wani masani Bajamushe Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa sama da mutum 1,500 suka ƙaru a mace-macen hanya a shekarar da ta biyo baya.

Abin da na fi so a wajenta, ko sau ɗaya ba ta ce min yi kaza ko bar kaza ba, kuma ba ta taɓa raina tsoron nawa ba. Aikin gida take ba ni. Ɗaya shi ne in sake neman littafin a wajen abokina a fili, ɗaya kuma in kira wajen aikin in tambayi ainihin abin da ake buƙata a wata ukun farko. Da na kira suka yi min bayani sai na ji nauyin ya ragu da kusan rabi a take. Na abokin kuwa, na tambaya sau biyu yana cewa gobe, abin da nake ji bai ƙaru ba bai ragu ba, yana nan shiru inda yake. Ban ce macuci ba ne, har yanzu muna gaisawa, na dai ce masa ba zan shiga ba. Aikin kuma na karɓa, wata biyu kenan, kuma har yau ranar da za a yi mitin gabana yana faɗuwa kafin in shiga.

Inda suka gaza ban da jinkirin canjin nan, biyan kuɗin yana sabunta kansa in ba ka je ka kashe ba kuma sun ɓoye wajen can cikin saitin, sannan in netwok ya yanke minti biyar ɗin da ka rasa ba a rama maka. Su da kansu kuma sun rubuta cewa ba wajen gaggawa ba ne, wanda damuwa ta kai shi ga tunanin cutar da kansa asibiti ya kamata ya nufa kai tsaye, don Allah a kiyaye wannan.

Ni tauraro huɗu cikin biyar na ba su. In za ka shiga, ka tafi da takamaiman shawarar da ta tsaya maka a rai, kuma in wanda aka haɗa ku bai yi maka ba ka nemi canji tun ganawar farko, kar ka ji nauyi.