Kantin da aka gina da katakon jirgin ruwa

Yayata ce ta matsa min in samo mata yadin Liberty, wai ta gan shi jikin wata a wurin biki. Ni kuwa tunda na zo Landan sayayyata ba ta wuce babban kantin unguwarmu ba: zungureren sito mai rufin kwano, fitilu fari fat, ba mai ce maka sannu. Na'ura ce ke karɓar kuɗi, in ta ga dama ta yi ta kuka sai ma'aikaci ya zo yana cin magani. Irinsa na zata zan tarar a kantin Liberty da ke titin Great Marlborough Street.

Tun daga waje na ja na tsaya. Farin bango ne da ratsin baƙin katako, tagogi ƙanana, can a ƙololuwa ga ɗan jirgin ruwa mai ruwan zinare yana nuna inda iska ta dosa. A 1924 aka gama ginin, da katakon tsofaffin jiragen sojan ruwa guda biyu, Impregnable da Hindustan. Arthur Liberty da ya kafa kasuwancin a 1875 bai ma ga ginin ba, ya mutu tun 1917.

Jama'a, cikin ne abin kallo. Daɓen katako ne, kana takawa yana ƙara, kuma ba wanda ya ce a ɓamɓare a sa tayil. Tsakiya a buɗe take kamar tsakar gida, benaye sun kewaye ta, haske na saukowa ta rufin gilashi. Kayan ba a jibge suke ba, ɗaki-ɗaki aka yi musu, wasu ɗakunan har da murhun jin ɗumi. A jikin matakala an sassaƙa 'yan dabbobi, hannun mutane ya goge su har suna sheƙi. Na manta da abin da ya kawo ni, ina ta hawa da sauka.

Yadin kam ya yi, auduga ce mai laushi da suke kira Tana Lawn, sunan tafkin Tana na Habasha. Amma da mita ake yanka, kuɗin a rubuce, ba ragi ko na sisi. Da na juya kuɗin mita ɗaya zuwa naira sai da gumi ya karyo min. A Kwari da tuni an turo min benci, an aika yaro ya kawo ruwa, mun yi ta ja har a ce "Allah ya sa albarka". Nan murmushi aka yi min, aka miƙo rasit.

Abin da ya tsaya min shi ne ginin yana cikin waɗanda hukuma ta yi wa rajistar tarihi. Ko taga mai shi zai canza sai da izini, in ya yi gaban kansa kotu ce. Su ma mutanen Ingila ba komai suka tsira da shi ba, kamfanin manyan kantuna na Debenhams ya rufe kantunansa a 2021. Amma babban kantin Selfridges na 1909 yana nan da ginshiƙansa, kuma tsufan ma kuɗi yake jawo musu.

Mu fa? Ina Kingsway, ina Leventis, ina Chellarams, inda iyayenmu ke kai mu ana gobe Sallah? Da wuri ya kwana biyu sai a kawo katafila. A tayar da filaza mai shuɗin gilashi a zafin Kano, shaguna ƙuƙu-ƙuƙu ba iska, janareto a bakin kowace ƙofa, an hau kan kwata an yi gini. Kurmi da ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kowa faci yake da bulo da kwano yadda ya ga dama.

Na nemi hoton cikin Kingsway ta Kano in nuna wa yarana, har yau ban samu ba. Wanda ke da shi a tsohon albam ɗin gidansu, don Allah ya taimaka min.