Tawadar zanen gira: ta ma'adinai ko "oganik"?

Hajiya, kin ce a Wuse 2 da ke Abuja sun gaya miki da tawadar ma'adinai suke zanen gira na dindindin, a Gwarimpa kuma mai shagon ta ce tata "oganik" ce, babu sinadari a ciki. Shi ne kike tambayar wacce ta fi aminci.

Bari na fara da ta Gwarimpa, don maganar ta dame ni. Oganik a nan ba daga ganye aka samo ta kamar lalle ba, a masana'anta ake haɗa ta. Launinta na da kauri, tana kuma daɗewa. Sai dai wasu daga ciki, dangin sinadaran rini da ake kira azo, idan rana ko leza ta farfasa su sukan saki sinadaran da ake alaƙantawa da kansa, kuma jajaye ne suka fi tayar da ƙaiƙayi da kumburi. Baƙin kabon da ake yawan haɗawa da ita, in allura ta zurfafa, komawa yake toka-toka. Na ga girar wata maƙwabciyata bayan shekara biyu, ta yi shuɗi kamar an goga biro, kullum sai ta bi ta da gazal kafin ta fita.

Ta ma'adinai yawanci tsatsar ƙarfe ce da aka tace. Launinta a kwance yake, tana saurin dusashewa, wani lokaci ta bar ja-ja kamar jan bulo. Takan zo da ɓurɓushin ƙarfen nikel, don haka in ɗan kunnen kasuwa na sa kunnenki ruwa, ki yi hattara. In kika nemi gogewa da leza, tana iya ƙara baƙi maimakon ta fita. Ranar da za a saka ki a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki kuma, ki sanar da likita, don wasu kan ji zafi a wurin.

Ni dai ta ma'adinai zan zaɓa, saboda in an yi kuskure da ita yana gushewa da wuri. Amma kwalbar ta fi sunan muhimmanci. Tun Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a irin wannan tawada, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka kuwa ba ta amince da ko launi ɗaya don cusawa cikin fata ba, a 2019 ma ta yi gargaɗi kan tawadar da aka samu da ƙwayoyin cuta. Ki sa a nuna miki kwalbar da sunan kamfani, jerin abubuwan da ke ciki, lambar rukuni da ranar lalacewa, a ɓare sabuwar allura a gabanki. Wadda aka juye a robar da ba rubutu, ki tashi ki tafi.

Hukuncinsa a addini na malamai ne, ki tambaye su kafin ki biya kuɗi. In kuma jikinki na yin tabo mai tudu bayan hujin kunne, don Allah ki bar duka biyun, ki riƙe fensirinki.