'Yar rediyon tsofaffin Guangzhou: aikinta na banza ne, amma waƙoƙinta sun riƙe ni

Duk wanda ya taɓa bi ta lambunan shaƙatawa na birnin Guangzhou na Chaina da sassafe ya san 'yar rediyon nan ja da tsofaffi ke ratayawa a wuya suna tafe tana waƙa. Ba ta fi tafin hannu ba. Akwai lambobi a jikinta irin na waya, da katin memori da aka riga aka cika da waƙoƙi, sai wani ɗan littafi da ake haɗo maka mai jerin waƙoƙin da lambar kowacce. Kuɗinta a lokacin bai wuce na faranti biyu na shinkafa a Xiaobei ba, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa a garin. Ni sana'ata saro kayan waya ce ga 'yan Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, saboda haka ina ɗaga ta na san abin da na saya: roba shafal, lasifika ɗaya, batiri irin na tsofaffin ƙananan wayoyi. Tsarabar Baba ce. Niyyata in na isa Kano in goge katin in zuba masa tafsiri da karatun Alƙur'ani, tunda lambobin manya ne, idonsa zai iya gani.

Azumin 2020 na so in yi a gida. Najeriya ta rufe filayen jiragenta ranar 23 ga Maris saboda korona, muka maƙale. Sai ga abin da ya faru a watan Afrilu, wanda duniya ta gani a bidiyo. Ranar 7 ga wata aka sanar cewa an samu 'yan Najeriya biyar da korona, ana alaƙanta su da wani gidan abinci a gundumar Yuexiu, daga nan baƙar fata ta zama laifi a garin. Mutum 4,553 'yan Afirka aka yi wa gwaji a 'yan kwanakin, 111 ne kawai aka samu da cutar, amma sauranmu ma ba mu tsira ba. Mai gidan da nake haya, mutumin da ban taɓa jinkirta masa ko kwabo ba, ya tsaya daga nesa da takunkumi a fuska ya ce in fita a daren. Na kwana a waje da jakata, ni da wasu 'yan Mali da 'yan Gini. Daga baya aka kwashe mu zuwa otal, killacewar kwana 14, da kuɗin aljihunmu, duk da gwajina ya nuna ba ni da komai. A Abuja har an kira jakadan Chaina an yi masa magana, mu dai muna ɗaki a kulle.

A ɗakin nan na buɗe kwalin tsarabar Baba, don shiru ya yi mini yawa. WhatsApp ba ya aiki a Chaina sai da VPN, shi kuma VPN ɗin sai ya ga dama, in ya kama kuma ba abin da yake kawowa sai tashin hankali. Na kunna FM na ji surutu da yaren Kanton, wanda ba na jin ko kalma ɗaya. Na koma kan kati. A nan raina ya fara ɓaci. Tana kunnuwa sai wata murya ta daka maka sanarwa da ƙarfin tsiya, ba kuma yadda za ka rage ta. Littafin lambobin ƙarya ne tsagwaronta: ka danna lambar da aka rubuta, wata waƙa daban ta fito. Kusan rabin katin waƙoƙin wasan kwaikwayon gargajiyarsu ne, masu kuge da ƙarar murya, sai kiɗan rawar da matan unguwa ke yi a fili da yamma, sai waƙoƙin da aka maimaita sau biyu sau uku don dai a cika lissafin da aka rubuta a kwali. Na ce wannan ai cuta ce, har na ajiye ta.

Da dare na sake ɗauka ina danne-danne, sai na faɗa kan wata murya ta mace. A hankali take waƙar, kiɗan yana can baya, muryar tana gaba, kowace kalma tana fita tas har ni mai Sinancin kasuwa nake tsintar wata nan wata can: farin wata, zuciya, gida, yaushe. Ban san wace ce ba. Abin da na sani shi ne tun ranar da aka kore ni ƙirjina yake a ɗaure, a daren nan ya ɗan saki. Muryar irin ta uwa ce in tana rarrashin yaro, ba ta ce maka daina kuka, tana dai nan tare da kai har ka gaji ka yi barci.

Akwai wata mata da ke kawo mana abinci, ta ajiye a kan kujera a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta ja baya. Ta haura hamsin, 'yar lardin Hunan ce, Ayi muke ce mata kamar yadda ake kiran duk matar da ta yi sa'ar gwaggonka a can. Wata safiya na buɗe ƙofa rediyon tana yi, sai na ga ba ta tafi ba. Ta cikin rigar kariyarta ta ce, "Laoban (wato maigida), Deng Lijun kake ji?" Na ce, "Ayi, ban san sunanta ba, amma ita kaɗai nake ji." Ta yi dariya, ta bi baitin da ke tafiya a hankali, sannan ta tura kurarta ta wuce. Tun da aka fara wannan fitina, ita ce mutum ta farko 'yar ƙasar da ta yi mini magana ba don ta auna zafin jikina ko ta ce in matsa ba.

Da kwana 14 suka cika ba mai ba baƙar fata haya, na ci gaba da zama a otal ɗin. Yanzu ana iya tsayawa a yi magana, da taimakon fassarar waya. Ayi ta karɓi rediyon da littafin ta tafi da su, washegari ta dawo da su ta bi da biro ta gyara lambobin waƙoƙin da take so in ji. Ita ta ba ni labarin mawaƙiyar, wadda a waje aka fi sani da Teresa Teng. A Taiwan aka haife ta a 1953. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 gwamnatin Beijing ba ta yarda da waƙoƙinta ba, tana ganin masu sanyaya jikin jama'a ne, amma kaset ɗinta na shigowa a ɓoye ana kwafa hannu da hannu. Ayi ta ce ita da yayarta cikin bargo suke shiga da rikoda. Har mutane suka riƙa cewa da rana ana sauraron babban Deng, wato shugaba Deng Xiaoping, da dare kuma ƙaramar Deng.

Ranar 24 ga Afrilu aka ɗauki azumi a Najeriya, a daidai lokacin da labarin mace-macen dattawa ya cika Kano. Kullum sai an kirga maka wani malami, wani attajiri, wani maƙwabci. A makon farko na azumin Yaya ya kira. Ya ce, "Ɗan'uwa, sai dai mu yi haƙuri, Allah Ya yi wa Baba rasuwa bayan asuba." Na ce, "Yaya, ku jira..." sai na tsaya, don ni kaina ban san me za su jira ba. Tsakanin Kano da Guangzhou awa bakwai ne. Kafin in sha ruwa an kai shi makwancinsa. Masallatai a rufe, har da na wajen kabarin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas inda muka saba haɗuwa ranar Juma'a. Ba tabarmar zaman makoki, ba mai shigowa ya ce ya haƙuri. Ni kaɗai da bango huɗu da rediyon da na sayo masa.

Na san akwai masu cewa me ya haɗa mai makoki da waƙa, a cikin azumi kuma. Ba zan yi gardama da su ba. Abin da ya tsayar da ni da ƙafafuna salla ce da Alƙur'ani da addu'ar da nake yi wa Baba, kuma har aka yi sadakar uku a gida ban taɓa rediyon ba. Sai dai tsakanin asham da sahur dare ne mai tsawo ga wanda ba shi da kowa, kuma ni ba waliyyi ba ne. Ayi ta lura ɗakin ya yi shiru ta tambaya, na gaya mata. Ba ta ce komai ba. Da yamma na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin kwanon abinci, lamba ɗaya ce a jiki.

Waƙar da ke wannan lamba Teresa Teng ta rera ta a 1983, amma baitukan sun girme ta da shekara fiye da 900. Wani mawaƙi kuma ma'aikacin gwamnati mai suna Su Shi ne ya rubuta su a 1076, a daren bikin cikar wata na tsakiyar kaka, yana kewar ƙaninsa da aiki ya raba su shekaru. Abin da yake faɗa, gwargwadon yadda na fahimta, shi ne rabuwa da haɗuwa haka suke tun fil azal kamar yadda wata ke cika ya ragu, fatansa dai su yi tsawon rai, ko suna nesa su kalli wata ɗaya. A daren nan na yi kukan da na kasa yi tun kiran Yaya. Da na natsu na kira shi muka yi magana har lokacin sahur ɗina, maganar da ba mu taɓa yin irinta ba tun muna yara.

Daga baya na gane abin da ya sa waƙoƙin nan suke kama mai irin halina. Mahaifin mawaƙiyar soja ne ɗan Hebei, mahaifiyarta 'yar Shandong, suna cikin waɗanda suka tsallaka Taiwan bayan yaƙin basasar Chaina ya ƙare a 1949, da tunanin za su koma ba da daɗewa ba. Ba a ba irinsu izinin ziyartar dangi ba sai a 1987. Shekara 38. Iyaye sun mutu a can ƙetaren ruwa, 'ya'ya ba su ga gawa ba, wasu ma sai bayan shekaru suka ji. A cikin waɗannan mutane ta tashi, su ta fara yi wa waƙa. Ita kanta har ta rasu a Chiang Mai ta Thailand ranar 8 ga Mayu 1995, tana da shekara 42, ba ta taɓa yin wasa a babban yankin Chaina ba, inda aka fi ƙaunarta. Wanda ya fito daga irin wannan gida ya san ciwon da nake ciki, kuma a muryar ana ji. Batun rashin jin yare kuwa bai dame ni ba. Mu da muka tashi da waƙoƙin Indiya mun san kunne yana gane baƙin ciki kafin a fassara masa.

Akwai wasu a katin da suka shiga raina. Wani namiji mai siririyar murya, Fei Yu-ching, yana da wata waƙa ta 1983 a kan furen da ke tsayawa cikin sanyin ƙanƙara. Da na dawo gida na tarar yara suna kwaikwayonta a TikTok suna dariya, don a tsakiyar 2020 ta zagaye duniya a matsayin abin barkwanci. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na zaunar da su na kunna musu ita tun daga farko.

To da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya saya. Amma duk sanda na tuna yadda kayan nan ya ƙare sai raina ya sake ɓaci. Tun ina otal batirin ya fara kumbura har murfin baya ya daina rufuwa, na ɗaure da kyauro. Wannan mai sauƙi ne, batiri a ko'ina akwai. Ramin caji ya saki, na kai aka yi mini walda a Farm Centre. Wanda ba ya gyaruwa shi ne katin. Watanni kaɗan da dawowata, na kunna wata rana muryar nan mai ihu ta ce babu kati. Na sa a kwamfuta, na kai wa yaran da suka iya ceto fayil, ba abin da ya fito. Irin katin nan ne da ake rubuta masa girman da ba shi da shi, 'yan kasuwa mun san su sarai. A ce mutum ya zuba waƙoƙin da tsofaffin ƙasarsa suka rayu da su a kan kati mafi arha da ya samu, don ribar da ba ta kai kuɗin shayi ba! Littafin da Ayi ta bi da biro ta gyara yana nan a wurina, amma lambobin ba su da inda za su kai ni.

Za a ce ai waƙoƙin suna YouTube. Suna nan, na nemo da yawa, ina kuma ji har gobe, musamman in kasuwa ta tsaya ko na tuna Baba. Amma akwai waɗanda ban san sunansu ba, ta lamba kawai na san su, rubutun littafin kuma bai dace da su ba tun asali. Waɗannan sun tafi ke nan.

Da Chaina ta sake buɗe ƙofa a 2023 na koma, na je shagon da na saya. Matar ta ce ba ta san wane kati nake nufi ba, ta ɗauko sababbi. Na tsaya na gwada, kiɗan rawa ne da aka haɗa da na'ura daga farko har ƙarshe, tsofaffin waƙoƙin ma an sa musu ganga mai sauri an lalata su. Otal ɗin kuma ya canja hannu, ba wanda ya san inda Ayi ta koma. Kuma kada wani ya ɗauka waƙa ta wanke abin da aka yi mana a Afrilun nan. Na bi ta layin tsohon gidan hayata, ƙirjina ya ɗaure kamar a daren.

Wanda zai saya, kada ya karɓi kwali a rufe. Ya sa a buɗe a gabansa, ya ce tsofaffin waƙoƙin Sinancin Mandarin na shekarun 1970 zuwa 1990 yake so, na asali ba waɗanda aka sake wa kiɗa ba, ya ɗauki littafin ya danna lambobi daga farko da tsakiya da ƙarshe ya ji ko sun dace. Ya sayi batiri na biyu. Yana isa masauki kuma, kafin ya cire takalmi, ya kwafe katin gaba ɗaya zuwa wani mai kyau.