Zanen wurin da babu shi a duniya, amma yana kwantar da hankali

Masu tambayata akan zanukan nan na tsaunuka da ruwa da ake bugawa a kanbas, wato yadin zane mai kauri, ana saidawa a intanet, wai da gaske suna sanyaya rai ko dai kwalliyar bango ce kawai, to ga nawa bayanin, sai dai kuyi haƙuri dan zan ɗan ja shi. Sunan shagon da na saya kam bazan kama ba kar ace talla aka biyani. Yadda suke aiki shine suna karɓar izini daga masu zane na wannan zamanin, su ɗauki hoton zanen da kyamara mai ƙarfi, kai kuma ka zaɓi girman da kake so da irin yadin, su buga su ɗaure a katako su aiko maka. Na yi odar babba guda na falo da ƙarami na ɗakin kwana, kuma wallahi kamar ba shago ɗaya suka fito ba.

Babban nan kwari ne, kogi ya ratsa tsakiyarsa yana lanƙwasa, daga hagu bishiyoyi ne masu duhu sun tsaya kusa da kai, can nesa kuma tsaunuka suna ta dusashewa cikin shuɗi har su haɗe da sama. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya wai ina ne nan, amsar kuwa babu ina, mai zanen a kansa ya haɗa shi, kuma a wajena daɗin abin kenan. Wuri na gaskiya ai baya rasa wayar lantarki ko tarkace ko wani gini da ya tsaya inda bai kamata ba, shi kuwa wannan an tsince komai an bar abinda ido ke so kaɗai. Dabarar ma ba sabuwa bace, Claude Lorrain, Bafaranshen nan da yayi rayuwarsa a birnin Rum ya rasu a 1682, shi ya shahara da ita, bishiya mai duhu a gefe, ruwa a tsakiya, haske yana fitowa daga can ƙarshe. Nawa ma tsarin kenan sak, kalolin ne kawai na yanzu, shimfiɗaɗɗu ba yawan inuwa. Har yau akwai manyan masu zane dake wannan harkar, irin su Shara Hughes ta Amurka wadda ita da kanta take cewa wuraren da take zanawa ƙirƙirarsu take.

To yana kwantar da hankalin? Eh, yana yi, amma ba irin yadda masu talla ke zuzutawa ba, ba wai zaka kalle shi bashin da ake binka ya ɓace bane. Abinda na lura shine ido na samun hanya, ka fara daga bishiyoyin nan na kusa, kogin ya ɗauke ka, kana binsa kana binsa har ka isa inda shuɗin yayi fari, kafin ka dawo numfashinka ya ɗan sauka, musamman in ka wuni kana kallon sikirin ɗin da bai fi taku ɗaya daga hancinka ba. Shuɗin nesan nan ma ba ƙarya bane, haka iska ke yiwa duk abinda yayi nisa, tana watsa haske sai tsauni ya koma shuɗi-shuɗi yana dusashewa, shi yasa da ka ganshi a bango kwanyarka ke karanta shi a matsayin fili mai faɗi.

Kuma ba ni kaɗai ba. A 1984 wani mai bincike Roger Ulrich ya wallafa a mujallar Science abinda ya samu a takardun wani asibiti a jihar Pennsylvania, marasa lafiya 46 da aka cirewa matsarmama, rabi tagarsu na kallon bishiyoyi rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiya sun fi saurin komawa gida, wajen kwana 8 su kuma ɗayan kusan 9, sannan sun fi ƙarancin neman maganin ciwo mai ƙarfi. Wani zai ce ai wannan taga ce ta gaske, haka ne, amma daga baya shi da abokan aikinsa sun gwada da hotuna a Suwidin akan waɗanda aka yiwa aikin zuciya, waɗanda aka sawa hoton ruwa da bishiyoyi a fili sun fi sauran samun sauƙin fargaba. Wanda ya fi bani dariya kuma shine na Komar da Melamid, masu zane biyu 'yan asalin Rasha, a 1994 suka fitar da sakamakon tambayar da aka yiwa mutanen Amurka wane irin zane suka fi so, kashi 44 suka ce shuɗi ne kalarsu, suka tattara amsoshin suka zana, me ya fito? tafki, tsaunuka, bishiya, sama shuɗiya. Suka maimaita a ƙasashe da dama har da Kenya da Sin, kusan abu ɗaya ke fitowa, Holan ce ta bambanta. Su dai da zolaya suka yi abin amma ni ban ga abin kunya ba in ɗanɗanona ya zo ɗaya da na jama'a.

Bugun babban yayi kyau gaskiya. Yadin auduga ne mara sheƙi, tawadar kuma irin mai garin kala ce wadda ta fi ta rini jure haske, har sawun burushin mai zanen kana gani duk da in ka shafa sumul yake. Katakon baya bai karkace ba, kusurwoyin an naɗe su tsaf, kwalin ma sun cika shi da kariya. Abu ɗaya da ya kamata ku sani, ya fi yadda yake a waya duhu, dan waya haske take fitarwa daga ciki shi kuwa yadi sai wanda ya sauka a kansa, saboda haka in kana tsakanin zane biyu ɗauki mai hasken.

Ƙaramin ne matsalar. Faɗuwar rana ce akan tafki, ruwan hoda da shunayya da ruwan lemo duk sun taru suna ihu lokaci ɗaya, ga shi sun shafa masa sheƙi, da ka kunna fitila sai ka ga ƙwan a tsakiyar tafkin. Babu nesa babu kusa, komai ƙarfinsa ɗaya, ido baya samun inda zai sauka. Kyan yayi yawa har ya zama kamar mutumin dake maka murmushin dole, tun kana jin daɗi har ka fara tsarguwa. Da na ƙura masa ido kuma sai naga inuwar tsaunin dake cikin ruwa bata yi daidai da tsaunin ba, rassan wata bishiya sun narke cikin gajimare, a shafinsu na intanet kuma babu sunan mai zane sai wai daga tarin zanukan shagon ne. Ni dai zargina na'ura ce ta haɗa shi da ƙirƙirarriyar basira, na tambaye su suka yi ta kewaye-kewaye. Wannan kam bai min ba, in na'ura ce a rubuta, mai so ya saya da saninsa.

In zaku saya ku duba sunan mai zanen ku neme shi ku ga sauran ayyukansa, ku zaɓi mara sheƙi, kuma kar ku ji tsoron girma dan ƙaramin zane a ƙaton bango baya jan ido ciki. Wajen ratayewa tsakiyarsa ta zo daidai ido, wajen santimita 145 daga ƙasa kaman yadda gidajen nunin zane ke yi, in kuma a zaune zaka fi kallonsa ka ɗan sauke shi, sannan banda bangon da rana ke duka kai tsaye, ko tawada mai kyau tana koɗewa a hankali. Babban na bashi 4 cikin 5, ƙaramin kuma na maida musu, sun karɓa ba rigima amma kuɗin aikawa ni suka barwa, ku karanta sharaɗin maidawa kafin ku danna oda.